Tafiyata Surinam wurin masu kafa ikilisiya

Tun da na dawo ake tambayata wai ina ne ma wannan Surinam ɗin, wasu sun ɗauka Asiya ce, wata mama a zumuntar mata ma cewa ta yi ai ita ta zaci wani gari ne a Kamaru. To ƙasa ce 'yar ƙarama a arewacin Kudancin Amurka, a bakin tekun Atilantika, Guyana na yamma da ita, Giyanar Faransa na gabas, Burazil na kudu. Mutanenta kakaf ba su fi 600,000 da 'yan kai ba, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na ƙasar kurmi ne. Wani fasto ɗan can da muka haɗu a taron 'yan mishan shekarun baya shi ya yi ta matsa min in zo in ga aikin kafa sababbin ikilisiyoyi da suke yi. Hukumar bishara ta cocinmu ta ɗauki rabin kuɗin jirgi, saura na haɗa da taimakon 'yan'uwa, don tikitin kaɗai ya haura naira miliyan 3.

Wahalar farko takardu ce. Bizar Surinam ta intanet ake nema, sai katin rigakafin shawara wanda in babu shi kar ma ka fara, sai kuma wadda ta fi ci min rai, bizar ratsa filin jirgin Holan, don mai fasfo ɗin Najeriya ko zama kawai zai yi a benci ya jira wani jirgin sai ya nemi izini. Na bar Jos da asuba a watan Oktoba, muka gangara Hawan Kibo, Akwanga, Keffi, shingayen hanya dai kamar kullum, direba ya san abin yi. Daga Abuja sai Legas, daga Legas jirgin dare zuwa Amstadam, daga nan kuma awa 9 cur a sama. In ka duba taswira Paramaribo, babban birnin ƙasar, kusan layi ɗaya take da Legas, teku ce kawai tsakani, amma sai da na yi arewa har Turai sannan na juyo kudu. Kakannin yawancin baƙaƙen ƙasar su kam kai tsaye aka tsallaka da su, a ɗaure cikin ƙasan jirgin ruwa, wannan tunanin ya zauna min a rai har muka sauka.

Tun a wurin jiran jirgi a Amstadam na fara ganin ƙasar. Ga baƙaƙe irinmu, ga Indiyawa, ga masu kama da 'yan Indunisiya, ga 'yan Sin, duk suna zuba yaren Holan da junansu, kowa da jakunkuna niƙi-niƙi. Ashe 'yan asalin Surinam da ke zaune a Holan sun haura 300,000. Holan ce ta mulke su har 25 ga Nuwamba 1975, kuma wani abin dariya, a yarjejeniyar 1667 Holan ta riƙe Surinam ta bar wa Ingila garin da yanzu ake kira New York, lokacin ana ganin gonakin rake sun fi riba.

Filin jirginsu yana Zanderij, wajen kilomita 45 daga birni. Ana buɗe ƙofa wani zafi mai danshi ya rufe ni, ni da na taso a sanyin Jos nan take riga ta manne min a baya. Jami'in shige da fice ya juya fasfo ɗina ya sake juyawa, ya nemi takardar gayyata da tikitin komawa, ya buga hatimi, ba wanda ya ce in kawo na goro. Faston da ya gayyace ni, Baba Fasto, na jirana a waje, na zagaya zan shiga mota sai na tsinci kaina a kujerar direba, su hagu suke tuƙi. Masaukin da aka kama min wani gidan katako ne, kusan dala 30 a dare da fanka da shayin safe. Kuɗinsu ma dala suke kiransa, amma tasu ta faɗi sosai, na canza 100 ta Amurka aka cika min hannu.

Tsohon garin Paramaribo duk katako ne fari, tun 2002 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Babban cocin Katolika na Bitrus da Bulus shi ma katako ne daga sama har ƙasa, an gina shi a shekarun 1880, in ka shiga ƙamshin itace ne ke tarbarka. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne titin Keizerstraat, inda babban masallaci ke jingine da majami'ar Yahudawa, katanga ce kawai tsakani. Na tsaya na daɗe ina kallo har Baba Fasto ya ce lafiya? Na ce Baba ba za ka gane ba, ni na fito garin da tun 2001 akwai unguwannin da ba na shiga, akwai kuma waɗanda maƙwabcina na da ba ya shiga. Ƙidayar 2012 ta ce Kirista kashi 48 ne, Hindu 22, Musulmi kusan 14, sai masu addinin gargajiya da sauransu. Hutun gwamnati kuwa kowa da nasa, Kirsimeti, Ista, ƙaramar Sallah, babbar Sallah, Diwali da Fagwa na Hindu, kuma kowa na cin abincin kowa. Ba wai ba su da 'yan gutsiri-tsoma ba, siyasarsu ma bisa ƙabila aka daɗe ana yinta, amma ba a ƙona wa kowa wurin ibada.

Ya kai ni tsohon cocin ɗarikar Morabiya na cikin gari, wanda suke kira uwar coci. Waɗannan 'yan Morabiya daga Herrnhut ta Jamus suka zo a 1735, wato kusan shekara 160 kafin 'yan mishan ɗin SIM na farko su sauka Legas a 1893. Ba masu digiri ba ne, teloli ne da masu gasa burodi da kafintoci, da sana'arsu suke ciyar da kansu, har kamfanin kasuwanci da suka kafa a 1768, Kersten, yana nan da rai. Zazzaɓi ya kashe su da yawa. Masu gonakin rake sun daɗe suna hana su wa'azi ga bayi don tsoron kar bawa ya ji cewa shi da ubangidansa ɗaya suke a gaban Allah, sai 1776 aka yi wa bawa na farko baftisma a birnin. Kuma Baba Fasto bai ɓoye min ba, su 'yan mishan ɗin ma sun mallaki bayi. Ya ce har gobe in ka je wa'azi wurin matasa masu ilimi wannan maganar ce ta farko da za su jefe ka da ita, kuma ba ƙarya suka yi ba, gara ka amsa da bakinka kafin su faɗa. An soke bauta 1 ga Yuli 1863, amma sai da aka tilasta wa mutanen ƙarin shekara 10 a gonakin.

Ranar Lahadi da sassafe za mu wuce ta dandalin 'yancin kai sai na ga maza cike, kowa riƙe da keji. Na ce kasuwar tsuntsaye ce? Ashe gasar kukan tsuntsu ake yi, ana kafa keji biyu, alƙalai na ƙirga sau nawa kowane ya yi kuka suna zana alli a allo. Manyan mutane fa, wasu da motoci masu tsada, Indiyawa da baƙaƙe da Jawa 'yan asalin Indunisiya da 'yan Sin duk a cakuɗe. Baba Fasto ya yi tsaki ya ce ga ikilisiyar da ta fi kowace haɗa ƙabilu a ƙasar nan, kuma ga inda mazajen matan cocina suke.

Cocin nasa na wata unguwa a kudancin birni. Gidajensu da yawa a kan ginshiƙai ake ɗora su, to a ƙarƙashin gidan wata dattijuwa suka fara, yanzu sun zagaye da kwano sun sa kujerun roba. Mutum wajen 60 ne. An buɗe sujada da yaren Holan, da waƙa ta yi zafi aka koma Sranan, yaren da kowa ke ji a titi, can sai wasu mata daga baya suka ɗauko waƙa da Saramaka, yaren wasu mutanen kurmi, suna tafi, nan ne fa wurin ya ɗauka. Wa'azi rabi Holan rabi Sranan, duk inda zai ba da dariya ko zai tsawata sai ya juya Sranan. Bayan an tashi aka kawo abinci, shinkafa da kaza. Washegari wani gidan, kaza. Na ce wai ku ba ku da shanu ne? Matar Baba Fasto ta yi dariya ta ce ɗana, wanda ya fito daga gidan Hindu ba zai ci naman sa ba ko ya tuba, wanda ya fito daga gidan Musulmi ba zai kusanci alade ba, mutanen kurmi kuma kowa da abin da aka hana zuriyarsu, kaza ce kaɗai ba ta da abokin gaba.

Da daddare na yi masa tambayar da ke cina. Na ce Baba cikin mutum 60 ɗin nan nawa ne ba su taɓa shiga coci ba kafin su zo wurinka? Ya yi shiru ya ƙirga da yatsu, bai cika hannu biyu ba. Saura duk daga Morabiya ko Katolika suka sauya sheƙa, don kiɗa ya fi daɗi ko ana addu'ar warkarwa. Alƙaluma ma sun nuna haka, a 2012 'yan Fentikos sun kamo 'yan Morabiya, kowa kashi 11, bayan su Morabiya sun yi kusan shekara 280 a ƙasar. Na ji daɗin gaskiyarsa, don mu ma abin da muke yi ke nan muna kiransa kafa ikilisiya, ka kama shago a Tudun Wada ka sa lasifika ka kwashi tumakin maƙwabci, ka aika rahoto cewa an buɗe sabon fili. A ganina wannan ƙaura ce kawai. Shi ya sa ya ce in ina son ganin aikin sai mun fita birni.

Muka fara da gundumar Commewijne, ana haye doguwar gadar nan mai tudu ta kogin Surinam da aka buɗe a 2000. Bayan an 'yanta bayi sai masu gonaki suka koma ɗauko leburorin kwantiragi. Jirgin farko daga Indiya, Lalla Rookh, ya iso 5 ga Yuni 1873, zuwa 1916 an kawo wajen 34,000. Daga tsibirin Jawa na Indunisiya kuma an kawo kusan 33,000 tsakanin 1890 da 1939. Jikokinsu ne cike da wannan yankin. A hanya za ka ga gidaje da dogayen gora an ɗaura musu ƙananan tutoci ja da fari da ruwan ɗorawa, alamar gidan Hindu ne an yi addu'a. Mun tsaya Alkmaar inda wani ɗan mishan daga Denmak, Legêne, ya buɗe gidan yara na Indiyawa a 1916, mun kuma leƙa kangon masana'antar sukari ta Marienburg inda sojoji suka harbe leburori 24 a 1902.

Taron da muka je a falon wani gida ne, mutum goma sha wani abu, an cire takalma a ƙofa kowa ya zauna a tabarma, ba kujera ba mumbari. Aka ɗauko ganga da ɗan akwatin nan mai busa da muke gani a finafinan Indiya, suka fara yabon Yesu da yarensu Sarnami, kai ni da na ƙare ƙuruciyata a sinimar Indiya sai na ji kamar na san waƙar. Mai jagorar wurin malamin makaranta ne, ba ya karɓar albashin coci. Ya ce min ɗan'uwa, in na kai surukata cocin birni ta ga mata da maza suna tsalle da takalma a wurin ibada, an ajiye Littafi Mai Tsarki a ƙasa, ba za ta sake saurarona ba har abada. Ya ce abin da ya fi yi wa mutanensa nauyi ba koyarwar ba ce, tsoron a ce sun zama baƙaƙe ne ko Turawa, sun yar da iyaye. Babban ɗa shi ke yi wa uba al'adun jana'iza, to in ya zama Kirista wa zai yi? Akwai wanda ya yi shekaru yana zuwa taron amma ya ce baftisma sai bayan ran mahaifiyarsa, kuma malamin bai kore shi ba bai matsa masa ba. Na tuna Maguzawanmu da 'yan'uwanmu Fulani masu bi, yadda muke sa su cikin cocin da komai nasa baƙo ne a wurinsu sannan mu yi mamaki in sun daina zuwa.

A Tamanredjo muka ci abincin rana a rumfar Jawa, wani romon kaza da suke kira saoto, da dafaffen ƙwai da soyayyen dankali siri-siri a ciki, kusan dala 3 ta Amurka, sai soyayyen agade da miyar gyaɗa. Barkononsu rawaya ne, kar ka yarda da kyansa, na zuba kamar yajin gida na sha hawaye. A nan na ji wani labari da ya ba ni mamaki. Jawa yawancinsu Musulmi ne, kuma da kakanninsu suka zo sai suka ci gaba da fuskantar yamma a salla kamar yadda suke yi a Indunisiya, alhali daga Surinam Makka gabas take. Daga baya wasu suka ce a gyara, wasu suka ce yadda iyaye suka yi haka za su yi, har yau akwai masu kallon yamma da masu kallon gabas, kowa da masallacinsa. Kiristocin Jawa tsiraru ne, suna da nasu ikilisiyoyin da yarensu, kuma ranar Sallah suna zuwa gaida dangi a ci tare.

Tafiyar da ba zan manta ba ita ce ta cikin kurmi. Muka shiga ƙaramar bas zuwa Atjoni, wajen kilomita 190, kwalta ce har can, kusan dala 15 kowa, an cusa mu da buhunan shinkafa da jarkokin fetur da katan ɗin kaza mai ƙanƙara. Shingen 'yan sanda ɗaya muka tarar, suka duba takardu suka miƙo min fasfo. Mun wuce Paranam inda masana'antar sarrafa ma'adinin alminiyam take kafin a rufe ta a 2015, sai mahadar Brownsweg. Nan wani dattijo da ke kusa da ni ya nuna gabas ya ce garinsu na ƙarƙashin ruwa. Madatsar Afobaka da aka gama a 1964 don samar da lantarki ga masana'antar ta yi tafki mai faɗin murabba'in kilomita sama da 1,500, ta tashi mutum wajen 6,000, yawancinsu Saramaka, har da Ganze, babban ƙauyen Kirista da cocinsa da kaburburansa.

A Atjoni mota ta ƙare sai kwale-kwale, dogo siriri da inji a baya, wajen dala 12 zuwa inda za mu. Lokacin rani ne ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito. Wuraren da ruwa ke gangarowa da ƙarfi tsakanin duwatsu sula suke ce musu, in an zo nan yaron gaba zai miƙe da sanda yana nuna wa direba hanya da hannu, ba magana. A wata sular aka ce maza su sauka a tura, na shiga ruwa har ƙugu da wandon fastocina, dutse ya yanke ni a tafin ƙafa, ni da ko iyo ban iya ba ina ta karanta Zabura 23 a zuci, mata na cikin jirgi suna ta dariya. A bakin kowane ƙauye mata ne ke wanki da wanke-wanke, ɗaure da zane mai gida-gida da suke kira pangi, yara tsirara na faɗawa ruwa. In ba don kurmin ba sai ka rantse wani ƙauye ne a bakin Binuwai.

Su waɗannan mutanen jikokin bayin da suka gudu ne daga gonaki suka shige daji, suka yi ta yaƙar Holan har ta gaji ta nemi sulhu, da ƙabilar Ndyuka a 1760, da Saramaka a 1762, shekara 100 kafin a soke bautar. Shi ya sa ba sa sunkuyar wa kowa. Suna da babban sarkinsu, granman, a Asidonhopo, kowane ƙauye da kabiten da mataimakansa basiya, gado kuma ta wajen uwa ake bi, kawunka ya fi ubanka iko a kanka. Daga cikin jirgi ake gane ƙauyen gargajiya, akwai wata ƙofa ta busasshen ganyen kwakwa da ke reto a mashiga, ta ƙarƙashinta kowa zai bi don ta kakkaɓe mugun abu. Ƙauyen Kirista irin su Botopasi babu wannan, sai coci da makaranta. Yawancin makarantun yankin na Morabiya ne ko Katolika, ƙananan asibitocin kuma na ƙungiyar lafiya ce da mishan suka kafa.

Wanda muka je wurinsa saurayi ne ɗan shekara talatin da wani abu, ya yi aikin gini a Giyanar Faransa, can ya karɓi Yesu, ya zauna wurin Baba Fasto ya yi karatu, sannan ya koma ƙauyen mahaifiyarsa wanda ba a taɓa yin coci a ciki ba. Kafin a ba ni ko ruwa sai da aka kai ni gaida kabiten. Gaisuwarsu doguwa ce kamar tamu, an tashi lafiya, ya jiki, ya mutanen gida, wannan kam ban ji baƙunta ba. Aka zauna a ƙananan kujerun katako, kuma ba a magana kai tsaye, mai magana zai fuskanci wani mutum ne daban wanda ke amsa masa jimla bayan jimla, haka ne, gaskiya ne, sannan maganar ta isa ga kabiten, kusan yadda ake yi a fadar sarakunanmu. Da aka ce daga Afirka nake sai wuri ya ɗau hayaniya, wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana shafa fuskata, ta ce a tambaye ni wai me ya sa tun da aka kwashe su ba wanda ya biyo sawu. Ban sami amsa ba, na ce Kaka ga shi na zo a makare.

Sharuɗɗan da dattawa suka gindaya wa saurayin tun farko uku ne. Ya yi addu'arsa a ɗakinsa da duk mai so amma ba gini, kar ya zagi wurin da ake zuba wa kakanni abin sha a tsakiyar gari, kuma in an yi mutuwa ya fito kamar kowa. Na ukun nan ne mai wuya, don jana'izarsu ba ta kwana ɗaya ba ce, akwai zuba giya, akwai neman sanin abin da ya kashe mamaci. Abin da ya yi shi ne ya ce shi zai haƙa kabari, zai kawo pangi da shinkafa, zai ba da fetur a ɗauko dangi, zai kwana a wurin makoki, amma ba zai zuba wa matattu komai ba. Da farko an yi masa ca, kawunsa ya daina amsa gaisuwarsa, amma da suka ga duk mutuwar da aka yi shi ne farkon zuwa da shebur sai aka ƙyale shi. Wasu masu wa'azi da suka taɓa zuwa daga birni da janareta da lasifika suka ce a ƙona kayan tsafi, ko kwana ba su yi ba aka raka su bakin ruwa. Dole a gane dalilin zafin, gwamnatin mulkin mallaka ta haramta addinin gargajiya na Winti daga 1874 har 1971, mutanen ba su manta da wanda ya goyi bayan dokar ba.

Sai maganar mata. Akwai mai mata biyu da ke son baftisma, kowace da ɗakinta da gonarta a ƙauyen iyayenta. Saurayin ya tambaye ni yadda muke yi a Najeriya, na ce Malam mun fi shekara 100 muna wannan gardamar, wasu ɗarikun sun ce ya saki ɗaya, wasu sun ce a yi masa baftisma amma ba zai zama dattijon ikilisiya ba. Ni dai na gaya masa ra'ayina, ban ga bisharar da ke cikin korar mace da 'ya'yanta ba.

Na kwana a ragar da ake ratayewa tsakanin ginshiƙai biyu da gidan sauro a kai, bayana bai gode min ba. Wanka a kogi, abinci shinkafar tudu da kifi da wata busasshiyar waina ta rogo mai faɗin faifai da sai ka jiƙa kafin haƙori ya shige ta. Wuta ta janareta ce, 'yan awoyi da yamma. Cikin dare na ji wani ruri daga daji kamar iska mai ƙarfi ta haɗu da zaki, na tashi zaune ina kiran sunan Yesu, da safe aka ce min biri ne, wani ja wanda bai fi ɗan akuya ba.

A wannan daren kafin birin ne Baba Fasto ya ba ni tarihin da ya sa ba ya gaggawa. 'Yan Morabiya sun shigo wurin Saramaka a 1765, sai 1771 suka sami mutum na farko, Alabi, wanda daga baya ya zama granman, amma duk da haka bayan kusan shekara 50 masu bin ba su taka kara sun karya ba, Turawan suka tattara suka fita a 1813. Abin da ya rage 'yan ƙasa ne suka riƙe. Wanda ya fi kowa buɗe kurmin kuwa Johannes King ne, ɗan ƙabilar Matawai, wanda mafarkai suka kai shi neman baftisma har aka yi masa a 1861, ya koya wa kansa rubutu, ya kafa ikilisiya a Maripaston, ya bi koguna yana wa'azi har ɗan'uwansa da ke sarauta ya kore shi daga garin, ya rasu a 1898.

Sujadar da na gani a ƙauyen ba ta kai mutum 15 ba, yawanci mata da yara, sai tsoho ɗaya da ya zauna a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Ba a karanta komai ba don manyan ba su yi makaranta ba, Sabon Alkawari da Saramaka yana nan tun farkon shekarun 1990 amma a waya suke sauraronsa, a kunna sura ɗaya a kashe, kowa ya faɗi abin da ya ji, tsohon nan ma ya yi gardama a kan misalin Yesu na ɗan da ya cinye gadonsa, ya ce a wurinsu ai kawu ne zai tarbe shi ba uba ba. Baikon ranar rogo ne da kifi biyu da 'yan canji. Na tambayi saurayin me ya fi buƙata, ina jiran ya ce kwano da siminti, sai ya ce fetur, don akwai mata uku a wani ƙauye sama da su da ke son ya riƙa zuwa, kuma tafiya ɗaya na cinye abin da yake samu a sati daga sassaƙa.

Dawowa ba wani labari, ruwa na gangara jirgi na gudu, ƙafata ta kumbura aka wanke min a wani ƙaramin asibiti a bakin kogi, sai bas, sai Zanderij, sai sanyin Amstadam, sai Legas. Ragowar dalolin da ke aljihuna na bar wa Baba Fasto na fetur. Satin da ya wuce ya turo min saƙo ta WhatsApp cewa dattawan sun sake zama, sun yarda a kafa rumfa a bayan gari kusa da gonakin rogo, ta ganye ba ta kwano ba, kuma ba a yarda a kaɗa ganga ba in akwai gawa a gari. Kawun saurayin ne ma wai ya nuna inda za a sari itacen.